Kyamarar gano zafin jiki da bin sawun mutane: tambayoyi da amsoshi kan yawan ɗigon hoto da saurin ɗauka

Waɗannan tambayoyi su ne suke yawan fitowa daga bakin masu sayen kyamarorin tsaro, da masu girka su, da ma'aikatan da ke kwana gaban allo, har da 'yan jarida da lauyoyin da akan ajiye wa hoton dare a ce musu ga wane a ciki. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu buƙatar ɗan lissafi.

Duk kyamarar da ke gani cikin duhu iri ɗaya ce?

A'a, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin ruɗanin. Infirared haske ne da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a 1800 lokacin da ya rarraba hasken rana zuwa launukansa, sai ma'aunin zafinsa ya hau a gefen jan launi, wurin da babu wani haske da ido ke iya gani. Kyamarorin da ake kafawa a ƙofar gida da shaguna suna amfani da ɓangarensa mafi kusa da hasken da muke gani: suna da ƙananan fitilu masu haska wurin da haske mai tsawon zango (wato tsawon igiyar hasken) na nanomita 850 ko 940 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), sai su ɗauki abin da ya dawo musu. Idan fitilar ba ta kai wuri ba, kyamarar makauniya ce a wurin.

Kyamarar gano zafi ba ta haska komai. Tana karɓar hasken da jikin mutum da kansa yake fitarwa saboda ɗuminsa, galibi a zango na maikuromita 8 zuwa 14 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), inda fitar hasken jikin ɗan Adam ya fi ƙarfi. Ita ce ake nufi a sauran wannan shafi, sai inda aka faɗi akasin haka.

Me ake nufi da yawan ɗigon hoto, kuma me ya sa ya yi ƙaranci a kyamarar zafi?

Sansar da ke cikin kyamara faranti ne da aka rarraba zuwa ƙananan gidaje, kowane gida yana ba da ɗigo ɗaya, wato fiksel, a cikin hoto. Kyamarorin zafi da aka fi samu suna da ɗigo 160 sau 120, ko 384 sau 288, ko 640 sau 512. Wannan na ƙarshe, wanda ake ɗauka mai kyau ne a fagen, ɗigo 327,680 ke nan, alhali kyamarar rana ta yau da kullum mai 1920 sau 1080 ta haura ɗigo miliyan biyu.

Dalilin yana cikin halittar hasken kansa. Zangonsa ya ninka na hasken ido kusan sau ashirin, don haka ba za a iya ƙanƙanta gidajen sansar yadda ake yi a wayar hannu ba. Faɗin kowane gida yakan kasance maikuromita 17 ko 12. Ga shi kuma gilashi ba ya barin wannan haske ya ratsa, sai an sassaƙa madubin kyamarar da ma'adini irin su jamaniyom, mai tsadar gaske.

Ɗigo nawa ne ya kamata ya sauka a kan mutum kafin a ce an gan shi?

Ya danganta da abin da ake nufi da gani. A 1958 John Johnson, masani a ɗakin binciken na'urorin ganin dare na sojojin Amurka, ya gabatar da ma'aunin da har yau ake kira da sunansa. Ya raba gani zuwa matakai: a lura akwai wani abu a wurin, a gane ko mutum ne ko dabba ko mota, sai kuma a tantance irinsa. Kamfanoni sukan fassara matakan zuwa ɗigo 1.5, da 6, da 12 a kan ma'aunin jikin mutum, wanda akan ɗauka a matsayin mita 0.75.

Abubuwa biyu ne masu talla ba su cika faɗa ba. Na farko, waɗannan adadi an gina su ne a kan cewa mai kallo zai yi daidai rabin lokaci kawai, wato sau hamsin cikin ɗari. Na biyu, tantancewa a ma'aunin Johnson ba ta nufin sanin sunan mutum. Tana nufin a iya cewa wannan yana riƙe da wani dogon abu a kafaɗa, ko yana goye da kaya. A ɗigo goma sha biyu, bindiga da sanda da fartanya suna iya zama abu ɗaya a idon mai gadi da ya gaji, kuma a ganina duk wanda zai ba da umarni a kan irin wannan hoto ya wajaba ya san haka kafin ya buɗe baki.

Kyamarorin tsaro na rana da masu fitila suna da nasu ma'aunin dabam, wanda ake taƙaita sunansa da DORI: ɗigo 25 a kowace mita don lura da mutum, 125 don gane wanda aka riga aka sani, 250 don tantance ko wane ne. An koma kan wannan a amsar da ta shafi fuska.

Yaya zan lissafa nisan da kyamarata za ta iya aiki?

Lissafin bai fi ƙarfin kowa ba. A raba faɗin gidan sansa da lambar milimitar da ke rubuce a jikin madubi. Idan gidan maikuromita 12 ne kuma madubin milimita 25, kowane ɗigo yana rufe milimita 0.48 a duk mita ɗaya ta nisa. A mita 100, ɗigo ɗaya ya rufe santimita 4.8, a mita 500, santimita 24, a kilomita ɗaya, kusan rabin mita. Idan aka ɗora ma'aunin Johnson a kai, wannan kyamara za ta lura da motsin mutum daga kimanin kilomita ɗaya, ta gane cewa mutum ne daga mita 260, ta tantance irinsa daga mita 130.

Abin lura shi ne yawan ɗigon sansa bai shiga wannan lissafi ba ko kaɗan. Aikinsa shi ne faɗin filin da ake gani: da ɗigo 640 a kwance, kyamarar tana rufe faɗin kimanin mita 31 a nisan mita 100, da ɗigo 320 kuwa rabin haka. Idan aka sa madubi mai milimita 50, nisan ya ninka biyu amma filin ya rage rabi, sai mai tafiya ya fice daga hoton da wuri. Taura biyu ba ta taunuwa a nan, sai ga wanda zai biya kuɗin sansa mai ɗigo da yawa.

Takardar talla ta ce kyamarar tana ganin mutum daga kilomita biyu. Ƙarya ce?

Ba lallai ba ne ta zama ƙarya, amma kusan kullum matakin farko ake nufi, wato ɗigo ɗaya da rabi, a sarari, cikin yanayi mai kyau. A raba adadin da huɗu don samun nisan gane mutum, a raba shi da takwas don nisan tantancewa. Manhaja mai bin sawu da kanta ma takan buƙaci ɗigo fiye da abin da idon ƙwararre ke buƙata. Haka nan kusantar da hoto ta hanyar manhaja ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya, kumbura waɗanda ke akwai kawai yake yi.

Mece ce alaƙar saurin ɗaukar hoto da bin sawu?

Bidiyo hotuna ne a jere, kuma tsakanin kowane biyu akwai ɗan lokacin da kyamara ba ta ba da labarin komai ba. Yawan ɗigo yana amsa tambayar mene ne wannan. Saurin ɗauka yana amsa wata tambayar dabam: shin wannan da nake gani yanzu shi ne wanda na gani ɗazu? Bin sawu gaba ɗayansa ya rataya ne a kan tambaya ta biyu.

Mai tafiya a ƙasa yakan ci kimanin mita 1.4 a sakan ɗaya. A hotuna 30 cikin sakan, yana gusawa santimita 5 tsakanin hoto da hoto. A hotuna 9, santimita 16. A hoto ɗaya cikin sakan, mita 1.4 cur. Mai gudun mita 5 a sakan yana gusawa santimita 56 a hotuna 9, wato fiye da faɗin jikinsa, ta yadda inda yake a wannan hoto bai taɓa inda yake a na baya ba. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana tsallake kusan mita biyu. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: muddin tazarar da mutum ke ci tsakanin hotuna biyu ta fi ƙanƙanta a kan tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi, bin sawu yana da sauƙi. Da zarar ta kai ta ko ta wuce, an shiga cinta. Shi ya sa hoto ɗaya a sakan ya isa bin mutum ɗaya a fili, amma hotuna 9 suna iya gazawa a bakin kasuwa.

Me ya sa kyamarori da yawa suke tsayawa a hotuna 9 cikin sakan?

Ba gazawar fasaha ba ce, doka ce. Ana ɗaukar kyamarar zafi a matsayin kayan da ke da amfanin farar hula da na soja duka, don haka fitar da ita daga ƙasa zuwa ƙasa yana ƙarƙashin ƙa'idoji, ciki har da yarjejeniyar Wassenaar ta 1996 da dokokin fitar da kaya na Amurka. Waɗanda saurinsu bai wuce hotuna 9 a sakan ba sun fi sauƙin fitarwa ba tare da dogon neman izini ba, saboda ba su da amfani sosai wajen saita makami a kan abu mai gudu. Ƙaramar sansar FLIR Lepton, alal misali, tana ba da kusan hotuna 8.7 a sakan domin ta zauna ƙasa da wannan iyaka. Sau da yawa kamfani yakan fitar da kyamara ɗaya a nau'i biyu, mai 9 da mai 30 ko 60, don haka a duba wadda aka kawo, ba wadda aka nuna a talla ba.

Yaya manhaja take ɓatar da mutum bayan ta kama shi?

Yawancin manhajojin suna aiki a mataki biyu. Da farko su zagaye kowane mutum da akwati a cikin hoto su ba shi lamba, sannan su haɗa akwatunan wannan hoto da na wanda ya gabata. Don yin haka sukan yi hasashen inda kowa zai kasance bisa saurinsa da alƙiblarsa, galibi da lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960. Hasashen yana da kyau ga mai tafiya kai tsaye, yana kuma lalacewa da zarar mutum ya juya, ya tsaya, ko ya shige bayan itace. Gwargwadon tsawon ratar da ke tsakanin hotuna, gwargwadon girman da'irar da manhaja za ta nemi mutumin a ciki, gwargwadon kuma yawan mutanen da za su faɗa cikin da'irar.

A nan gizo ke saƙar. Idan mutum biyu suka gitta juna, manhajar kyamarar rana tana iya rarrabe su da launin riga ko hula. A hoton zafi babu launi. Farar riga da baƙa duk ɗaya suke idan ɗuminsu ɗaya ne. Idan ɗigon ya yi kaɗan, su biyun sukan narke su zama dunƙule ɗaya, bayan sun rabu kuma manhaja ta miƙa lambar wannan ga wancan ba tare da wata alama ta fito a allo ba. Layin sawun zai ci gaba sumul kamar babu abin da ya faru, alhali daga wannan gaɓa wani bawan Allah dabam ake bi har ƙofar gidansa. Kama da wane ba ta wane. Duk sawun da za a kafa hujja da shi, ya kamata mutum ya zauna ya duba kowace mahaɗa da kowane wurin da aka ɓace, hoto bayan hoto.

To wanne ya fi muhimmanci, yawan ɗigo ko sauri?

Wurin ne yake yanke hukunci. A gefen shingen gona, ko bututun mai, ko iyakar da mutane ba su da yawa, ɗigo da madubi sun fi muhimmanci, domin matsalar ita ce nisa da rarrabe mutum da dabba. A tashar mota ko ƙofar filin wasa, sauri ya fi, domin matsalar ita ce cunkoso. Idan kyamarar kanta tana motsi, a kan mota ko jirgi mara matuƙi, ƙarancin sauri ya fi cutarwa, tunda dukkan filin yana zamewa tsakanin hotuna, ba mutumin kaɗai ba.

Manyan tsare-tsaren sa ido daga sama sun zaɓi faɗi a kan sauri da gangan. Gorgon Stare, wanda sojojin saman Amurka suka fara aiki da shi a Afganistan a 2011 a kan jirgi mara matuƙi na MQ-9 Reaper, yana da kyamarorin rana da na infirared, yana kuma ɗaukar kimanin hotuna biyu a sakan. Manufarsa ita ce a naɗe gari guda, idan wani abu ya faru a koma baya a ga inda motar ta fito. A wannan sauri babur ɗin da aka ambata a sama yana tsallake fiye da mita takwas tsakanin hotuna.

Idan na ƙara sauri, hoton mai gudu zai daina dusashewa?

Ba koyaushe ba. Kyamarar zafi ta gama-gari tana aiki ne da ƙananan gidaje da ke ɗumama idan hasken zafi ya sauka a kansu, kuma kowane gida yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin ɗari na sakan kafin ya amsa canji. A wannan ɗan lokaci mai tafiya bai gusa ko santimita biyu ba, amma babur ya ci santimita 17, wato ɗigo uku zuwa huɗu a nisan mita 100 bisa lissafin da aka yi a sama, sai ya fito da jela a bayansa ko da kyamarar tana ɗaukar hotuna 60. Irin waɗannan kyamarori kuma sukan rufe idonsu na ɗan ƙiftawa lokaci zuwa lokaci don daidaita sansar, hoton ya daskare, wanda hakan kan isa a ɓatar da sawu.

Maganin shi ne sansar da ake sanyayawa zuwa kusan digiri 196 ƙasa da sifiri, mai amsawa nan take kuma mai ganin nesa. Tana da tsada ninkin ba ninkin, injin sanyayawarta yana tsufa, dokar fitar da ita kuma ta fi tsauri.

Zafin rana da hazo da ruwan sama suna shafar aikin?

Ƙwarai. Kyamarar ba mutum take gani ba, bambancin ɗumi take gani tsakaninsa da abin da ke bayansa. Mai kyau tana iya rarrabe bambancin kashi 30 zuwa 50 cikin dubu na digiri ɗaya, adadin da ake rubutawa a takardarta da sunan NETD, amma idan bambancin ya gushe, ɗigo miliyan ma ba zai taimaka ba. Fatar mutum takan kasance wajen digiri 33 zuwa 35. A daren hunturu mutum yana fitowa fari tas, domin a irin wannan hoto galibi abin da ya fi ɗumi ne ke fitowa fari. A watan Afrilu a wurare irin su Sakkwato ko Damagaram, inda iska ke haura digiri 40 kuma ƙasa ta fi haka zafi, mutum yakan fito baƙi a kan farar ƙasa, kuma manhajar da aka horar da hotunan ƙasashen sanyi tana iya wuce shi. Tsakanin waɗannan yanayi biyu, da hantsi da kuma bayan faɗuwar rana lokacin da bango da kwalta ke sakin zafin yini, akwai lokacin da ɗumin mutum da na bayansa suke yin kunnen doki, ya kusan ɓacewa.

Hayaƙi da siririn hazo ba sa tare wannan haske kamar yadda suke tare hasken ido. Ruwan sama mai ƙarfi da raɓa mai kauri kuwa suna rage nisa, ruwan kuma yana daidaita ɗumin komai.

Tana gani ta cikin bango ko gilashi?

Ba ta gani. Ɗumin fuskar bangon kawai take aunawa, gilashin taga da na mota kuwa kamar madubin dubawa yake a gare ta. Siririyar leda ko tamfol na iya barin alamar ɗumi ta fito, kamar yadda jirgin 'yan sanda ya nuna wanda ake nema kwance cikin wani kwalekwale da aka lulluɓe a kusa da Boston a Afrilun 2013.

Za a iya gane fuskar mutum a hoton zafi?

Da wuya ƙwarai. Don kai ɗigo 250 a kowace mita, kyamarar da muka yi lissafi da ita sai ta matso kimanin mita takwas, kuma ko a nan abin da take nunawa taswirar ɗumi ce, tabarau ma baƙi ƙirin yake fitowa. Kyamara mai fitilar infirared ta fi kusa da hoton da aka saba, tana iya nuna fuska a gajeren nisa. Saboda haka ake haɗa biyun a wuri ɗaya: ta zafi ta gano ta bi, ta biyun ta kusanto ta tantance.

Idan mutum ɗigo ɗaya ne kawai a hoto, ai ba a keta sirrinsa ba?

Wannan hujjar ce aka kafa a birnin Baltimore na Amurka a 2020, lokacin da 'yan sanda suka yi gwajin jiragen da ke ɗaukar hoton faɗin fiye da murabba'in kilomita 80 sau ɗaya a kowane sakan. Kyamarorin na rana ne, ba na zafi ba, amma darasin ɗaya ne: kowane mutum ɗigo ne, ba fuska ba launin fata. A Yunin 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke, da rinjayen alƙalai takwas a kan bakwai, cewa shirin ya saɓa wa tsarin mulki, domin ɗigon da ke fita daga gida ɗaya kowace safiya ya koma can da yamma ya riga ya faɗi ko wane ne. Tun a 2001, a shari'ar Kyllo, kotun ƙolin ƙasar ta ce auna ɗumin gidan mutum da kyamarar zafi bincike ne da ke buƙatar izinin alƙali. A Najeriya ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta lissafa bayanin inda mutum yake cikin abubuwan da za a iya gane shi da su. Abin da ke fallasa mutum shi ne tsawon sawun da aka ajiye, ba kaifin hoton ba, kuma sawun nan, kamar yadda aka bayyana a amsar ɓatar da mutum, yana iya zama na wani.

Me ya sa bidiyon da aka naɗa bai kai wanda ake gani kai tsaye kyau ba?

Sansa mai ɗigo 640 sau 512 da ke ɗaukar hotuna 30 tana fitar da kusan megabit 157 na bayanai a sakan kafin a matse, idan kowane ɗigo ya ci bit 16. Babu mai ajiye wannan yadda yake, sai a matse shi, kuma matsewa takan fara cinye ƙananan abubuwa masu dishi-dishi, wato ainihin mutumin da ke nesa. Masu girkawa kuma sukan rage saurin naɗa zuwa hotuna biyar ko ƙasa da haka don faifan ajiya ya daɗe bai cika ba, ba tare da sun gaya wa mai wurin ba.

Kafin a biya kuɗin aiki, a sa mutum biyu su tafi iyakar nisan da ake son tsarewa, su gitta juna, ɗaya ya ruga, ɗaya ya shige bayan mota ya fito. A yi hakan da tsakar rana, da magariba, da kuma tsakar dare, sannan a duba abin da aka naɗa a faifai, ba abin da allo ya nuna a lokacin ba, a ƙirga sau nawa lambar kowannensu ta canza.